Mai Sa Faifan Da Ya Fitar Da Kiɗan Afirka Duniya

A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, da can idan aka tashi biki makaɗan kalangu ake aika wa da goro. Yau kuwa sau da yawa wani saurayi ake kira, ya zo da lasifika da janareta, ya yi ta sako waƙoƙi. Shi ne ake ce wa DJ, watau mai sa faifai. Mutane da dama suna ganin ba wata sana'a ba ce, alhali tarihinta ya nuna mai ita yana iya ɗaukaka makaɗi, yana kuma iya binne shi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan sana'a shi ne David Mancuso, mutumin Jihar New York ta Amurka. A ranar 14 ga Fabrairu 1970 ya fara tara mutane rawa a gidan da yake zaune a titin Broadway, wurin da aka laƙaba wa suna The Loft. Ba a sayar da giya a wurin, kuma sai wanda aka gayyata ke shiga. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda yake lura da masu rawa, ya jera faifai bisa yanayinsu, kamar dai yadda gwanin makaɗi ke karanta fili kafin ya sauya kiɗa.

A 1972 wani makaɗi ɗan Kamaru, Manu Dibango, ya yi faifai domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a ƙasarsu. A bayan faifan akwai wani kiɗa mai suna “Soul Makossa”, wanda da farko ba a kula da shi ba. Mancuso ya tsinci faifan a wani kanti a unguwar Brooklyn, ya riƙa sa shi a The Loft. Daga nan Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS ya ɗauka, jama'a suka yi ta nema har ya yi wuyar samu, sai kamfanin Atlantic ya sake buga shi. A 1973 ya kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙin mujallar Billboard, kuma masana suna lissafa shi cikin tushen kiɗan disko.

Tasirin Mancuso bai tsaya nan ba. Larry Levan da Frankie Knuckles duk sun halarci The Loft suna samari. Knuckles ya koma Chicago a 1977 yana sa faifai a gidan rawa na Warehouse, inda kiɗan “house” ya samo sunansa. Shi kuwa Dibango, sai da ya kai ƙara bayan Michael Jackson ya ɗauki amshin kiɗan nasa a kundin Thriller na 1982, aka sasanta a wajen kotu. Mancuso ya rasu a 2016, Dibango kuma a 2020.

To, abin lura a nan shi ne Dibango ya ci moriya ne domin kiɗansa yana kan faifai da sunansa. Makaɗan kalangu da na goge na ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, da yawansu kiɗansu yana tafe ne a hannu da baki, in sun kau ya bi su. Ya kamata ɗalibai da ma'aikatan sashen al'adu su ɗauki sautinsu su adana da sunayensu, masu sa faifai kuma su ba shi fili a wajen biki. In ba haka ba, lasifikar da ta fitar da kiɗan Kamaru duniya ita ce za ta rufe bakin kalangu a gida.