Gani Ya Kori Ji: A Auna Memori Kafin A Biya

'Yar kasuwa ba ta karɓar buhun hatsi sai ta sa tiya ta auna. Amma ɗan kasuwa a Dagmanet ko wata unguwa ta Agadas zai kai kwamfutar da ke riƙe da lissafin shagonsa wajen mai gyara, a ce an ƙara mata memori ko an canza mata furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ya biya ya tafi bai duba ba. To jama'a, wannan kayan ma yana da nasa mudun.

Da farko, a sa mai gyara ya kunna na'urar a gabanka, ya shiga shafin BIOS. Nan take za ta nuna sunan furosesa da yawan memori. Idan giga 8 aka sayar maka ta nuna 4, ko dai sandar ba ta zauna daidai a raminta ba, ko ƙura ta shiga, ko kayan matacce ne. Sai dai a lura, tsohuwar Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da giga 4, ko nawa aka saka.

Na biyu, gwaji. Akwai manhajar MemTest86, wadda ta fito tun 1994, tana rubutu a kowane lungu na memori tana karantawa. A bar ta ta kwana tana aiki, domin a garin zafi irin namu wani aibin ba ya fitowa sai na'ura ta ɗau ɗumi. Memori mai aibi kan ɓata lissafi shiru, sai ranar biyan bashi a tarar da ɓarna.

Haka katin memori na salula. Na jabu kan nuna giga 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Da ya cika, hotunan kaya da saƙonnin murya sai su salwanta. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Amma katin giga 64 na gaskiya ya nuna wajen 59, wannan bambancin ƙidaya ne kawai.

A karɓi rasit mai sunan kayan da yawansu, a yi sharaɗin mayarwa tun kafin kuɗi su fita. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.