Layin Gata a Filayen Jirgin Sama: Dalilai da Sakamako

A yawancin manyan filayen jirgin sama na Amurka da Turai, wurin binciken fasinjoji ya kasu gida biyu. Akwai dogon layi na gama-garin matafiya, akwai kuma gajere a gefensa, wanda aka keɓe wa masu tikitin ajin farko da ajin 'yan kasuwa, da waɗanda kamfanin jirgi ya ba katin manyan abokan ciniki. Wannan rarrabuwa ba ta daɗe ba. Kafin shekarar 2001 binciken ba ya cin lokaci sosai, saboda haka ba a cika tunanin sayar da hanyar kauce wa layinsa ba. Gatan babban aji a wancan zamani ya fi karkata ga kujera mai faɗi da abinci mai kyau da ɗakin hutu kafin tashi.

Harin 11 ga Satumba 2001 ne ya sauya al'amarin. A watan Nuwamban shekarar Amurka ta kafa hukumar TSA, wadda ta karɓi aikin bincike daga hannun kamfanonin gadi da kamfanonin jiragen ke ɗauka haya. Daga nan duk yunƙurin hari sai ya bar wata sabuwar ƙa'ida a bayansa. Richard Reid ya ɓoye abin fashewa a takalmi a watan Disamba 2001, daga baya cire takalmi ya zama dole. A watan Agusta 2006 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa, aka taƙaita duk wani abu mai ruwa zuwa kwalbar mililita 100. Yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab a jirgin Amsterdam zuwa Detroit, ranar 25 ga Disamba 2009, ya gaggauta girke na'urorin haska jiki, ya kuma sa Amurka ta saka Nijeriya cikin ƙasashen da ake tsananta wa matafiyansu bincike a farkon 2010. Kowace ƙa'ida ta ƙara wa kowane fasinja 'yan daƙiƙoƙi, su ne suka taru suka zama layin da kan cinye awa guda a lokacin cunkoso.

Dalili na biyu na ciniki ne. Tun da Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara kan farashi a 1978, gasa ta matse ribar kujerun baya. Kujerun gaba kaɗan ne, amma kuɗin da suke kawowa ya zarce yawansu nesa ba kusa ba, kuma masu sayensu mutane ne da lokaci ya fi musu komai tsada. British Airways ta shigo da kujerar da ke miƙewa ta zama gado a ajin 'yan kasuwa a shekarar 2000. Da sauran kamfanoni suka kwaikwaya, sai gasar ta sauko ƙasa. A 2004 Lufthansa ta buɗe wa fasinjojin ajin farko gini nasu na kansu a Frankfurt, da wurin bincikensu, da motocin da ke kai su har gindin jirgi. Ƙawancen SkyTeam ya fito da tsarin SkyPriority a 2012. A 2017 British Airways ta buɗe ƙofa ta musamman ga ajin farko a filin Heathrow na Landan, a shekarar ce kuma aka buɗe wata tasha mai zaman kanta a Los Angeles, inda mai hali ke biya don kada ya haɗu da jama'a ko kaɗan.

Akwai kuma giɓin da tsarin aiki ya bari. Matsayin TSA shi ne ikonta yana farawa ne daga teburin da jami'inta ke duba takardu. Yadda aka tsara layin da ke kaiwa teburin kuwa, wannan na hukumar filin ne da kamfanonin jirage. Ta wannan kafa layin gata ya shigo aikin da gwamnati ke yi. Abin lura, harajin tsaro da ake ɗora wa tikiti a Amurka, dala 5.60 kan kowace tafiya tun 2014, ɗaya ne ga mai kujerar gaba da mai ta baya.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Layin babban aji yana rage jira ne kawai. Da fasinja ya isa gaban na'ura, binciken da za a yi masa daidai yake da na kowa. Shirin PreCheck, wanda TSA ta fara gwadawa a 2011 ta kuma buɗe wa masu nema a ƙarshen 2013, shi ne ke sassauta binciken kansa. Mai nema zai ba da zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, ya biya kuɗin rajista, wanda da farko dala 85 ne na shekara biyar. In ya tsallake, sai ya riƙa wucewa ba tare da fito da kwamfuta daga jaka ko cire bel ba. Hujjar wannan shiri tana da ƙarfi: jami'ai ba su da yawa, gara su tattara hankalinsu kan wanda ba a san komai game da shi ba. Tsadar tikiti kuwa ba ta taɓa zama shaidar amana ba. Mafi yawan maharan 11 ga Satumba kujerun ajin farko da na 'yan kasuwa suka saya, don su zauna kusa da ɗakin matuƙa.

Sai dai a aikace iyakar ba ta fito fili haka ba. Waɗanda aka fara gayyata cikin PreCheck manyan abokan cinikin wasu kamfanonin jirage ne, kuma katunan banki na masu hali kan mayar wa mutum kuɗin rajistarsa. Ga kuma kamfanin CLEAR, wanda ke karɓar kimanin dala 200 a shekara, ya tantance mutum ta ƙwayar ido ko yatsa, sannan ma'aikacinsa ya raka shi gaban layi. Filayen jirgin suna samun kaso daga cinikin, don haka ba su da dalilin ƙorafi. A 2024 ɗan majalisar dattawan jihar Kalifoniya, Josh Newman, ya gabatar da ƙudurin taƙaita wannan tsari, amma bai zama doka ba.

Sakamakon farko a bayyane yake. In layi biyu suna zuba cikin na'ura ɗaya, duk mintin da aka rage wa wani, wasu aka ƙara wa. In kuwa kamfani ya gina wurin bincikensa da kuɗinsa, kamar na Frankfurt, babu wanda aka tauye, hasali ma an rage wa babban layi nauyi; a nan maganar iya kuɗinka iya shagalinka tana da wurin zama. Sakamako na biyu ya fi wuyar aunawa, amma ya fi nauyi. Shugabannin kamfanoni da 'yan siyasa da manyan ma'aikata, wato masu muryar da ake ji, su ne aka fara fitarwa daga layin. Wanda ba ya tsayuwar awa guda ba zai matsa a ƙara jami'ai ko a sayo na'urori ba, kuma hukumar filin da ke cin riba daga sayar da gajeren layi ba ta da ƙaimin gajarta dogon.

Dogon layi kansa matsalar tsaro ne. Harin filin jirgin Brussels na 22 ga Maris 2016 ya auku ne a zauren tashi, inda jama'a ke taruwa kafin a bincike su, kuma na Santambul a watan Yunin shekarar ya sake nuna raunin mashigin filin jirgi. Tsarin da ke barin ɗaruruwan mutane cunkushe a wajen shingen bincike ya bar babbar kafa a buɗe, komai saurin wucewar 'yan gata.

Gatan ma yana cin kansa. Masu rajistar PreCheck sun haura miliyan 20 a 2024, har wani lokaci layinsu kan kamo na gama-gari a tsawo. Ɗakunan hutu sun cika, abin da ya sa kamfanin Delta ya tsaurara sharuɗɗan shiga nasa a 2023. Abin da kamfanoni kan yi shi ne su ƙirƙiro wani mataki a saman wanda ya cika, su sa masa sabon farashi.

Abin da ya fi rage tazarar da ke tsakanin layukan kawo yanzu shi ne na'ura da sauyin ƙa'ida. Sababbin na'urorin haska kaya suna ganin cikin jaka ta kowace fuska, don haka a filayen da aka girke su ba a buƙatar fito da kwamfuta. A watan Yuli 2025 Amurka ta soke dokar cire takalmi ga kowa da kowa. Sassauci bisa tantancewa yana da hujjar tsaro, kuma wurin binciken da kamfani ya gina da kuɗinsa ciniki ne halattacce. Wanda ba shi da madogara shi ne shigar da mai tsadar tikiti gaban layin da kowa ya biya wa haraji iri ɗaya, kuma har yanzu ana bin wannan tsari a filayen jirgin saman Amurka.