Ruwan Matsarmama da Ciwon Hanta Mai Tasowa Daga Garkuwar Jiki



A ƙasarmu, da an ce ciwon hanta sai hankali ya tafi ga ƙwayar cutar shawara. Amma akwai wani iri wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, watau garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta faɗa wa ƙananan magudanan da ke kwashe ruwan matsarmama daga hanta. Likitoci na kiransa PBC. Cikin majinyata goma, wajen tara mata ne, galibi masu matsakaicin shekaru. Yakan fara da gajiya da ƙaiƙayi mai hana barci, tun ido bai yi rawaya ba.

To, mene ne aikin wannan ruwa? Hanta ke sarrafa sinadaransa daga kolestarol, su zuba cikin hanji su narkar da maiƙo, sa'an nan hanji ya mayar wa hanta da kusan kashi 95 cikin 100. Idan magudanan suka lalace, sai sinadaran su taru, su riƙa cin hantar da ta yi su.

A 1965 masana a Landan suka gano alamar cutar cikin jini. A 1987 Raoul Poupon da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wani sinadarin matsarmama mai taushi, UDCA, wanda aka fara samu a matsarmamar beyar, yana sassauta ta. Har yau shi ne maganin farko, ko da yake wajen kashi ɗaya cikin uku na majinyata ba ya isarsu.

A ganina, babban juyi ya zo ne a 1999, lokacin da aka tabbatar cewa waɗannan sinadarai ba sabulun wanke maiƙo kaɗai ba ne, 'yan aike ne. Suna taɓa wani makulli cikin ƙwayar halitta, FXR, wanda ke umartar hanta ta rage sarrafa su. A kan wannan aka gina maganin Ocaliva, wanda Amurka ta amince da shi a 2016. Sai dai ya tsananta ƙaiƙayi, ya kuma cutar da hantar waɗansu. Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2024, aka cire shi daga kasuwar Amurka a 2025. A 2024 ɗin ne Amurka ta amince da elafibranor da seladelpar, masu bin wata hanya dabam. Yanzu kuma masu bincike sun karkata ga ƙwayoyin da ke zaune cikin hanji, domin su ne ke sauya waɗannan sinadarai kafin su koma hanta.