Tsatsa Daga Ƙarƙashi Take Cin Mota

Manoman Jiratawa sun san amfanin mota. Tun da aka buɗe filin noman rani na garin a farkon shekarun 1980, kaya ba su daina fita ba. Zogale da albasa da sauran kayan lambu, duka sai an kai su kasuwa. Motoci irin su Hilux da Land Cruiser ne suke ɗauka, tare da amalanke. Hanyoyin ƙauyukanmu kuwa yashi ne da rani, laka da damina. Wani wurin ma sai an ratsa ruwan Gulbi.

Mai mota yakan wanke jikinta har ya yi ƙyalli, amma ba ya leƙa ƙarƙashinta. To, a can ne ƙarafan da suke ɗauke da nauyi suke. Akwai sifirin, wato ƙarafan nan masu faɗi da aka jera wani kan wani. Akwai kusoshin da suka ɗaure su. Idan ɗaya ya karye mota tana cikin tafiya, cike da buhuna da mutane, hasarar ba ta kaya ce kaɗai ba.

Me yake kawo tsatsa? Ruwa da iska ne, idan suka haɗu a kan ƙarfe. Shi ya sa da rani ba ta cika yin ƙarfi ba. Laka ce babbar abokiyarta, domin takan manne ta riƙe laima kwana da kwanaki. Takin zamani ya fi laka ɓarna. Yana jawo laima, yana kuma gaggauta cin ƙarfe kamar yadda gishiri yake yi. Duk wanda ya ɗauko taki, buhu ya yage, to, ya wanke motarsa ko amalankensa a ranar.

Maganin tsatsa shi ne a raba ƙarfe da ruwa. Masu ƙera mota suna rufe waɗannan ƙarafa da fenti mai tauri. Wani garin fenti ne ake fesawa, a gasa shi a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 200. Yana da ƙarko, amma tsakuwa da yashi suna bugunsa kullum. Da zarar ya sami ɗan tsagu, ruwa ya shiga. Tsatsa sai ta riƙa tafiya a ƙarƙashin fentin, ido bai gani ba. Idan kun ga fenti ya yi ƙuraje yana ɓarewa, aikin ya riga ya yi nisa.

Akwai kuma ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, irin kwanon rufin ɗaki. Wannan ya fi, domin ko an karce shi, tutiyar ce take fara lalacewa, ta kare ƙarfen. In za ku sayi kusoshi, ku nemi irin waɗannan.

Ga yadda ake gyara a gida, kuma watan Afrilu ko Mayu ya fi dacewa, kafin ruwa ya sauka. A wanke laka sarai. A bari ƙarfe ya bushe a rana. A goge tsatsa da buroshin ƙarfe har sai ƙarfen ya fito da haskensa. Sannan a shafa jan fentin nan na hana tsatsa. Idan ya bushe, a bi shi da fenti na biyu. Na sha ganin masu gaggawa suna shafa fenti a kan tsatsa da maiƙo. Wannan zubar da kuɗi ne, kafin damina ta raba ya ɓare. Kusoshi kuwa a sa musu giris.

Wasu suna shafa baƙin mai. Yana ɗan hana ruwa, gaskiya ne. Amma yana tara yashi, yana kuma lalata robobin da ke jikin sifirin. Haka nan kada a yarda a yi wa karyayyen sifirin walda. Wuta tana kashe ƙarfinsa, zai sake karyewa kusa da inda aka haɗa. A canza shi.

Saura maganar lafiya. Wasu fentin suna ɗauke da dalma, musamman tsofaffi. Dalma guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Mai gogewa ya rufe hanci da baki, ya yi aikinsa a fili, nesa da yara da mata masu ciki. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Gwangwanin fenti ba na zuba ruwan sha ba ne. Baƙin mai da ragowar fenti kuma kada a zubar da su kusa da rijiya, ko cikin magudanar da take kai ruwa lambu.