Jinyar tsoho a gida: abin da mai jinya ya kamata ya sani

A ƙasarmu tsofaffi kaɗan ne suke doguwar jinya a asibiti. Yawancinsu a ɗakinsu suke kwanciya, ƴaƴa da jikoki da surukai suna kewaye da su. Wannan al'ada ce mai kyau. Amma ƙauna kaɗai ba ta isa jinya, sai an haɗa da sani. Sau da yawa ba ciwon da ya kwantar da tsoho ke halaka shi ba. Gyambon kwanciya ne, ko ƙishirwa, ko kunun da ya sarƙe shi. Waɗannan uku kuwa ana iya kauce musu da ido da hannu, ba sai da kuɗi masu yawa ba.

Me ke kwantar da tsoho?

Babban dalili shi ne hawan jini. Ciwo ne mai tafiya a ɓoye, mutum yana noma yana cin kasuwa bai san yana da shi ba. Idan an auna an samu 14 da 9 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to jini ya hau. Idan ba a sha magani kullum, wata rana jijiyar ƙwaƙwalwa tana iya toshewa ko ta fashe, ɓarin jiki ya shanye. Gishiri yana ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Idan baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai mutum likita nan take. Kada a jira gari ya waye. Sauran abubuwan da ke kwantar da tsoho su ne karayar ƙugu bayan faɗuwa, da ciwon sukari, da ciwon daji.

Gyambon kwanciya

Mai lafiya yana juyi cikin barci bai ma sani ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa. Nauyinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa kai wa wurin, nama ya mutu. Awowi kaɗan sun isa a fara ɓarna, amma warkewa takan ɗauki watanni.

Wuraren da za a duba kowace safiya da maraice su ne: ƙashin gindin baya, da kwatangwalo, da duga-dugai, da idon sawu, da gwiwar hannu, da kafaɗa, da ƙeya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya yi zafi ko tauri idan an taɓa. Wannan shi ne gargaɗin farko. Kada a murza wurin, murza tana ƙara kashe naman. A ɗauke nauyi daga kansa kawai.

Ga rigakafin:

1. A juya majinyaci kowace awa 2, dare da rana: dama, baya, hagu. Agogon salula zai tunatar da ku.

2. Idan an kwantar da shi ta gefe, a tokare bayansa da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyinsa.

3. A sa matashi ƙarƙashin ƙwaurinsa don duga-dugai su tashi daga shimfiɗa.

4. Kada a ja shi a kan shimfiɗa. Mutum biyu su kama zane su ɗaga shi.

5. Tabarma kaɗai ta yi tauri. A sa katifa ko barguna, a miƙe zane kada ya tattare, a kakkaɓe tsakuwa da ɓurɓushin abinci.

6. Kada a yi masa gammo a ƙarƙashin wurin. Gammo yana tare jini a kewaye.

Idan fata ta riga ta fashe, a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri ƙaramin cokali 2, a bari ya huce. A wanke hannu da sabuni, a wanke gyambon da wannan ruwa, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a zuba toka, ko baƙin mai, ko garin ƙwayar magani. A nuna wa majo ya gani.

Tsabta

Fitsari da kashi suna cin fata. Da zarar ya ɓata, a wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabuni, a tsane jiki ba tare da gurzawa ba, a canza zane. Ana iya shimfiɗa leda, amma a rufe ta da zane, kada ta taɓa jikinsa. A goge masa baki da haƙora sau 2 a yini. A riƙa lanƙwasa masa hannu da ƙafa a hankali ana miƙewa, don gaɓoɓi kada su ƙage. A rufe ƙofa lokacin wanka, a suturta shi. Ciwo ba ya cire wa mutum kunya.

Ci da sha

Kada a ba mutum abinci yana kwance. A zaunar da shi, a tokare bayansa, kansa ya ɗan sunkuya gaba. A ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a jira ya haɗiye. Bayan ya gama ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Idan yana tari ko muryarsa tana gurgura lokacin sha, abin yana bin hanyar numfashi, kuma yana iya jawo ciwon huhu. Mai irin wannan matsala yakan fi iya haɗiye kunu mai kauri bisa ruwa tsararo. A gaya wa majo.

Fata ba ta warkewa sai da abinci mai gina jiki: wake da aka dafa ya yi laushi, ƙwai, nono, kifi, romon nama, garin ƙuli-ƙuli cikin kunu, miyar zogale. Ci kaɗan sau 5 ya fi ci da yawa sau 2. Mai ciwon sukari kada a sa masa sukari a fura.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Yamai da Maraɗi da Damagaram, kada a jira ya roƙa. A riƙa miƙa masa ruwa. Idan fitsarinsa ya ragu ya yi ja, ko harshensa ya bushe, ko ya fara ruɗewa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Idan zawo ya kama shi, a dama ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na likita cikin ruwa mai tsabta lita 1, a riƙa ba shi.

Zafin ciwo da magani

Wasu suna cewa ciwon da ba ya warkewa ba ya bukatar likita. Kuskure ne. Ko ciwo ya gagari magani, zafinsa bai gagara ba. A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su sa sauƙaƙa wahalar irin waɗannan majinyata cikin aikin lafiya, tun daga ƙananan likitoci har jinyar gida. Saboda haka ku tambaya, haƙƙinsa ne.

Farasitamol yana rage ƙaramin zafi. Kada tsoho ya wuce ƙwaya 6 masu miligiram 500 a yini, wanda ya rame sosai kuwa ƙasa da haka. Zafi mai tsanani, kamar na ciwon daji, yana da magunguna masu ƙarfi waɗanda likita kaɗai ke rubutawa. Ku guji maganin masu talla a kasuwa. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da suke sayarwa suna iya cin ciki su lalata ƙodar tsoho. Wanda ya iya rubutu ya riƙe littafi, ya rubuta sunan magani da lokacin da aka sha.

A gaggauta kai shi likita idan jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko gyambo ya yi wari ko baƙi ko mugunya, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko ya ruɗe farat ɗaya.

Idan kwana ya matso

Akwai ranar da jinya takan koma rakiya. Alamunta su ne: barci ya yawaita, ya daina son ci da sha, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro ya riƙa gurgura. Majo ko likita ne zai tabbatar muku cewa lokacin ne.

A wannan hali kada a yi masa ɗure. Jikinsa ya daina karɓar abinci, ɗure kuwa sarƙewa yake jawowa. A jiƙa ƙyalle mai tsabta a shafa masa a leɓe da harshe. A kwantar da shi ta gefe, a ɗan ɗaga kansa, gurgurar za ta ragu. A ci gaba da maganin zafi yadda aka tsara. A rage hayaniya a ɗaki. Mai yiwuwa yana ji ko da ba ya amsawa, don haka kada a yi zancen gado a kansa. A riƙe hannunsa, a yi masa magana mai daɗi. Musulmi a tuna masa kalmar shahada a hankali, ba tare da takura ba.

Maganar bashi da ajiya da wasiyya da neman gafara, tun yana cikin hankalinsa ake yin ta, a rubuta gaban shaidu. Yin ta ba ya jawo ajali, rashin yin ta kuwa yana raba zumunta.

Mai jinya ma mutum ne

A gidaje da yawa mace ɗaya ake bar wa jinya, ga daka, ga ruwa, ga yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwana, a raba kuɗin magani, maza su kama ɗagawa da juyawa da wankan mahaifinsu. Lokacin damina a tsara wanda zai tsaya gida kafin a tafi gona. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa mutanen gidansu, ya kuma fara yau: ya je ya duba bayan tsohon da ke kwance.