Kafin a Kama wa Yaro Ɗaki a Jami'a

Ɗan kasuwar Bogo da yaronsa ya samu jami'a, ko ta Marwa da aka kafa a 2008, ko ta Garwa ta 2022, ko ta Ngaundare da ke Dang, kuɗin haya yake fara tambaya. Ɗakunan jami'a ba sa isa, sai gidajen hayar ɗalibai da ake kira mini-cité.

To Alhaji, ka tambayi maƙwabta tukuna. Gidan da ke da shugaba, ake zaman taro, ake haɗa kuɗi in zazzaɓi ya kwantar da wani, ya fi ɗaki mai tayil da ba mai ƙwanƙwasa ƙofarsa. A irinsa ne yaron da ya tashi da Fulatanci da Hausa zai goge Faransancinsa wurin 'yan Kudu. Wani gidan kuwa kiɗa ne har asuba. Yaron ya kwana can wurin aboki kafin a biya hayar shekara.