Kafin ka sayi fegi a sabuwar unguwa, tambayi inda ruwa zai fito

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na wannan mako, saboda wanda shirin ya wuce shi yana hanyar kasuwa ko yana bayan shanu.

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya ga yadda gari ke cin daji. Inda ka bar gonar gero bara, bana sai ka tarar da bulo da kwano. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato kafin shekara 20 mun ninka. Ana yanka fegi, a fitar da titi, a ware filin masallaci. Ruwa kuwa sai an tare ake tuna shi, daga nan mai gida ya faɗa hannun 'yan garuwa.

To ɗan'uwa, zo mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara unguwa mai gida 300, kowane gida mutum 8. Mutum 2,400 ke nan. Masana lafiya na cewa mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a yini lita 20 ne, bai ma cika jarka rawaya ba. Ka ga lita 48,000 kullum, babu ta gini, babu ta mai wankin babur. Yanzu sa shanu 400 da ke kwana a gefen unguwar daren kasuwa. Saniya a bazara ta sha lita 30 ba ta yi ɓarna ba, ga wata lita 12,000. A nan yawancin masu tsarawa ke tuntuɓe: suna ƙirga kawunan mutane su manta da ƙaho. Duk abin da lissafi ya ba ka kuma, ninka shi biyu, don 'ya'yan da ke goye yau su ne masu gidajen gobe.

Daga ina za a samo shi? Ƙasa ce ke da amsa, kuma ba iri ɗaya take ba. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ake jawo mata ruwa ta bututu daga Gogo da Arunguza da Ganaram, tafiyar kilomita masu yawa, amma duk da haka bazara ba ta yi musu da sauƙi. Maraɗi tana da gulbi, a fadama ruwa na kusa, sai dai sababbin unguwanni kan tudu suke hawa, inda igiya ke ƙara tsawo. Saboda haka kada wani ya ce maka "maƙwabcinmu ya haƙa ya samu." A kira masu awon ƙasa tukuna. Kuɗin awo ba ya kai asarar ramin da ya fito busasshe.

Famfon hukuma shi ne mafi kwanciyar hankali in bututu ya iso, amma yakan daɗe bai kai bakin gari ba. Ruwan sama na kwano taimako ne kawai: rufi mai murabba'in mita 50, a shekarar da aka samu milimita 500, ba zai wuce lita 25,000 ba ko da ɗigo bai zube ba. Gida mai mutum 8 zai shanye shi cikin kamar wata biyar.

Ni dai a ganina, abin da ya fi dacewa da unguwar da ke girma shi ne rijiyar burtsatse guda mai ƙarfi, wadda mutanen Nijar ke ce wa foraji, da sola da tanki a sama da famfuna a kusurwoyi. Ta fi a ce kowane mai hali ya huda tasa a tsakar gida, domin duk daga ƙwarya ɗaya ake sha, mai dogon rami ya janye na mai gajere. Sannan a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A fegin da aka matse, wallahi wannan ba ya yiwuwa sai in tun farko an ware wa ruwa filinsa.

Sai maganar gyara. Injin ruwa ba ya mutuwa ranar da shugabanni suka zo buɗewa, sai bayan shekara uku, lokacin da kowa ya watse. In babu kwamiti mai littafi da ɗan abin da ake karɓa a kan kowace jarka, tankin zai zama wurin kwanan tantabaru. A sa mata a kwamitin, su suka san ranar da famfo ya fara tari.

Kai kuma makiyayi, kada ka ce wannan zancen 'yan birni ne. Sabuwar unguwa sau da yawa a kan burtali da tsohuwar mashaya take sauka. Dokar kiwo ta 2010 a Nijar ta amince da haƙƙinka na bin burtali da isa wurin ruwa, kuma akwai hukumomin filaye, wato Kofo, da ake kai irin wannan kuka. Amma kuka kafin a zuba tushen gini ya fi ji. Ka nemi a gina kwamin shayarwa can gefe, da bututunsa daban da hanyar shigarsa daban, kada shanu su ratsa layin mata da yara. Faɗan da ake ji a bakin famfo, yawanci daga nan yake tashi. A kuma yanke kuɗin shan garke a gaban mai unguwa da arɗo, da sefa da naira, don baƙon da ya tsallako ya san abin da zai biya.

Mako mai zuwa za mu bi Gulbin Maraɗi tun daga madatsar Jibiya har Madarunfa, mu ji ta bakin masu lambu da masu shayarwa. Wanda unguwarsu ta riga ta kafa kwamitin ruwa, ya aiko mana da nawa suke sayar da jarka.